Atiba Hutchinson: daga Brampton zuwa Santanbul, tsani bayan tsani

A duk fadar da ake shan shayi ana gardamar ƙwallo a Maradi, daga unguwar Zariya har Bagalam, da wuya ka ji yaron da ya ce burinsa ya buga lamba shida, wato ɗan tsakiya mai tsare gaban ƴan baya. Kowa lamba goma yake so, ko tara, kuma kowa Faransa ko Sifen yake hange kai tsaye. Shi ya sa tarihin Atiba Hutchinson ya cancanci a zauna a duba shi da kyau. Ɗan tsakiya ne daga Kanada, ƙasar da a lokacin tasowarsa ba a lissafa ta cikin ƙasashen ƙwallo, ba ta ma da gasar ƙwararru tata mai ƙarfi, amma ya yi shekara ashirin cur yana cin abinci da ƙafarsa a Turai.

An haife shi a 1983 a garin Brampton na jihar Ontariyo, iyayensa ƴan asalin Tirinidad ne. Bayan ɗan abin da ya taɓa a ƙananan kulob na wajen Toronto, sai ya ƙetara Turai a 2003, yana da shekara ashirin. Bai sauka Ingila ko Italiya ba. Kulob ɗin Öster ya je, a wani gari na Suwidin da ake kira Växjö, kuma a shekarar kulob ɗin ya faɗo daga rukunin farko. Wani zai ce an yi asara. Amma fa ya buga wasa, an gan shi a fili, sai Helsingborg ta ɗauke shi. Shekara biyu a can, sannan FC Copenhagen ta Denmak a 2006.

A Denmak ne ya zama cikakken ɗan wasa. Ya ci kofin gasar ƙasar sau huɗu, ya shiga gasar zakarun Turai, inda kulob ɗinsa ya doke Manchester United da ci ɗaya da nema a 2006, kuma a 2010 aka zaɓe shi gwarzon gasar Denmak. Sai a lokacin, yana da shekara ashirin da bakwai, PSV Eindhoven ta Holan ta kira shi.

Akwai dalilin da ya sa hanyar ta bi ta arewa kafin ta gangaro Holan, kuma dalilin ya shafi ɗan Nijar kamar yadda ya shafi ɗan Kanada, tunda dukansu baƙi ne a Tarayyar Turai. Dokar Holan ta tilasta wa kulob ya biya ɗan wasan da ba na Tarayyar ba albashin da ya zarce matsakaicin albashin gasar da kusan rabi. Babu kulob ɗin da zai zuba irin wannan kuɗi a kan yaron da ba a san shi ba. Ingila kuma tun 2021 maki take ƙirgawa kafin ta ba da izinin aiki: wasa nawa ka yi wa ƙasarka, ƙasar tana mataki na nawa, gasar da ka fito tana da ƙarfi ko a'a, minti nawa ka buga. Ƙananan gasanni su ne ƙofar da ta fi sauƙin turawa. Ko Musa Ma'azu namu ta Lokeren ta Beljiyam ya bi kafin CSKA Moscow ta saye shi a 2009.

A PSV abubuwa ba su tafi sumul ba. Gwiwa ta dame shi, an yi masa aiki fiye da sau ɗaya, kuma da ya warke sau da yawa a baya ta dama aka riƙa sa shi, ba a tsakiya ba. Ya karɓa, ya buga, har suka ci kofin Holan a 2012. Kwantiraginsa na ƙarewa a 2013 ya tafi Besiktas ta Santanbul ba tare da an biya kuɗin sayensa ba, yana da shekara talatin, shekarun da ake fara ce wa ɗan wasa tsoho. Shekara goma ya yi a can. Kofin gasar Turkiyya sau uku, 2016 da 2017 da 2021, ya zama kyaftin, magoya baya suka laƙaba masa suna Ahtapot, wato wata halittar teku mai hannuwa takwas, saboda dogayen ƙafafunsa da ke miƙewa su zaro ƙwallo daga inda ba a zata ba.

To, me yake yi a fili da ya sa masu horaswa daban-daban, Slaven Bilić da Şenol Güneş da Sergen Yalçın, kowa ya zo ya bar shi a wurinsa? A nan ne ya kamata mai son lamba shida ya buɗe ido, don aikin ba ya fitowa a guntun bidiyon da ake turawa ta WhatsApp.

Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga, sau ɗaya ko biyu, ya san wanda ke bayansa da inda fili yake. Ba ya tsayawa da ƙirjinsa yana fuskantar mai ba shi, yana karkata jiki ne yadda zai ga mai ba shi da kuma gaba a lokaci guda, ya tare da ƙafar da ta fi nisa. Taɓawar farko tana kai ƙwallo nesa da mai matsa masa, ta biyu ta bar ƙafarsa. Yaranmu a nan suke tuntuɓe. A filin rairayi ƙwallo tana tsayawa da kanta, sai yaro ya saba da taka ta, ya ɗaga kai, sannan ya fara tunanin inda zai kai ta. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawar Turai ƙwallo gudu take, kafin ka ɗaga kai an ƙwace. Maganin ba ya buƙatar kuɗi: a zana murabba'i mai taki goma a wuri mai tauri, mutum huɗu a gefe, biyu a tsakiya, taɓawa biyu kawai, minti goma sha biyar kullum. Mai horaswa ya tsaya bayan yaro yana ɗaga yatsu, yaron ya faɗi adadinsu kafin ya tare. Wanda bai waiga ba ya shiga tsakiya.

In kuwa ƙwallo tana hannun abokan hamayya, lamba shida ba ya bin ta kamar kaza ta ga tsaba. Wurinsa gaban ƴan baya biyu na tsakiya, yana toshe hanyar da za a bi a kai wa mai cin ƙwallo. Da zarar ya zube ƙasa da sunan tare mutum aka wuce shi, tsakiya ta zama kasuwa. Hutchinson ya fi yawan tsayawa a ƙafafunsa, ya jinkirta mai ƙwallo, ya jira taɓawar da ta yi tsawo, sannan ya miƙa ƙafa. Ni a ganina wannan haƙurin ne ya sa yana fili har ya cika shekara arba'in da haihuwa, don mai yawan zubewa shi ne mai yawan kati da yawan jinya.

Sai maganar takardu, wadda ta fi lalata tafiyar yara fiye da rashin iya wasa. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasan da bai cika shekara goma sha takwas ba wata ƙasa, in ban da ƴan keɓantattun dalilai, kamar iyaye su ƙaura don abin da bai shafi ƙwallo ba. Saboda haka duk wanda ya zo wa uba da zancen kai yaro ɗan shekara goma sha shida Turai, a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗin biza, a tambaye shi ta wace doka. Bizar gwaji ta ɗan lokaci ce, ba ta wuce kwana 90, ba kuma izinin aiki ba ce. In kulob bai ɗauka ba kuma yaro ya ƙi dawowa, ya zama marar takarda. Dillali na gaskiya yana da lasisin FIFA, kulob mai son gwada yaro kuma yana aiko da wasiƙa da sunansa, wadda za a iya tabbatarwa. Canjin kulob tsakanin ƙasashe ba ya kammaluwa sai hukumar ƙwallon ƙasar da aka baro, wato FENIFOOT a wajenmu, ta saki takardar canji. Abin da masu ƙananan kulob na unguwa suke sakaci da shi shi ne rajista. Kashi biyar cikin ɗari na kuɗin sayen ɗan wasa ana raba wa kulob ɗin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Yaron da ba a taɓa yi wa lasisi ba, ko an sayar da shi miliyoyi, wanda ya raine shi ko dala ba zai gani ba. Rage shekaru kuma, in aka gano sunaye biyu ko ranakun haihuwa biyu a rajista, yaron ne ke shan dakatarwa.

Ga ƙasarsa kuwa, Hutchinson ya daɗe yana noma babu damina. A 2007, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin nahiyarsu, ya farke wa Kanada ƙwallo a ragar Amurka ana dab da tashi, alƙalin gefe ya ɗaga tuta aka soke. Kanada ba ta je gasar cin kofin duniya ba tun 1986, sai a 2022 a Katar, yana da shekara talatin da tara, shi ne kyaftin. A wasansu da Kuroshiya ya cika wasa 100 da rigar ƙasar. A na ƙarshe da Maroko ya shigo daga benci, ya sa kai a bugun kusurwa, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta faɗo kan layi, ba ta ƙetare gaba ɗaya ba. Maroko ta ci biyu da ɗaya. A watan Yunin 2023 ya rataye takalma.