Na je na ga kumbon Discovery

Hutun da na yi a gidan yayana a jihar Maryland ta Amurka ya kusa ƙarewa, sai ya ce ba zan koma Kano ban ga kumbo da idona ba. Muka kama hanya da hantsi, mu da ƙaramin ɗansa, muka tsallaka kogin Potomac zuwa Bajiniya. Gidan tarihin da aka ajiye kumbon Discovery, wato Udvar-Hazy, yana garin Chantilly, dab da filin jirgin Dulles. Shiga kyauta ce, kuɗin ajiye mota kawai ake biya.

Jirage ne birjik a ciki, har da Concorde, amma ba mu tsaya ba. Can ƙuryar zauren Discovery take, ta kafa mana hanci. Tsawonta ya kai mita 37. Abin da ya fara kama idona shi ne dauɗarta. Farin jikinta ya koma ruwan toka, ga zane-zanen ƙuna sun bi gefenta, sai ka ce gindin tukunyar da ta daɗe a kan murhu. Da gangan aka bar ta haka tun da aka kawo ta a bayan jirgin Boeing 747 a watan Afrilun 2012, kuma a ganina sun yi daidai.

Na matsa har bakin shingen, na leƙa cikinta ta ƙasa. Dubban baƙaƙen tayil ne a jere, kowanne da lambarsa, wasu sun koɗe, wasu baƙi wuluk domin daga baya aka sauya su. Su ne ke tare zafin da ya haura digiri 1,000 idan kumbon yana kutsowa cikin iskar duniya. Yaron ya ja rigata ya ce, "Baffa, wai da gaske wannan tsohon abin ya je sama?" Ubansa ya ce, "Sau 39 ma kuwa." Daga watan Agustan 1984 zuwa Maris ɗin 2011, idan aka haɗa kwanakinta a samaniya, shekara guda ce cur.

Ita ta kai madubin hangen taurari na Hubble a 1990. Ita ta ɗauki tsohon ɗan sama jannatin Amurka John Glenn a 1998 yana da shekara 77. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya, Musulmi na farko da ya je sararin samaniya, a watan Yunin 1985. Ashe a cikin wannan kumbon ya tafi.

Yaya direba ne, don haka maganar sauka ta fi damunsa. Kumbon ba ya dawowa da inji a kunne, shawagi yake yi har ya dira a titin jirgi, kuma matuƙin ba shi da damar sake zagayowa. Yaya ya girgiza kai ya ce, "Tabɗi! Wannan ai sayar da rai ne."

Bai yi ƙarya ba. Tun daga tashin kumbon Columbia na farko a 1981, kumbuna biyar irin Discovery sun yi tafiya 135, biyu ba su dawo ba. Challenger ta tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi a Janairun 1986, saboda sanyi ya sandarar da wani zoben roba a jikin roka. Columbia kuwa ta wargaje tana dawowa a Fabrairun 2003, don wani ɓallin soso ya huda mata fiffike tun wajen tashi. Mutum 14 suka rasu. Duka sau biyun, Discovery ce aka fara turawa da aka koma aiki, a 1988 da 2005.

An ƙera su ne da burin a riƙa zirga-zirga a kai a kai cikin rahusa. Hakan bai samu ba, domin kowace dawowa sai an shafe watanni ana duba tayil da injina. Shekarar da suka fi tashi, 1985, sau 9 ne kacal. Da aka ajiye su a 2011, sai da 'yan sama jannatin Amurka suka koma bin kumbon Soyuz na Rasha har zuwa 2020.

La'asar ta kawo jiki, Yaya ya ce mu tashi kafin cunkoson babbar hanya ya rutsa da mu. Duk da haka sai da ya rutsa da mu a kan gada.