Aikin haɗa osileta mai madubin kiristal, da dalilin da ya sa haskenta ke zamewa

Sana'armu ƙarama ce: muna haɗa teburan gwajin leza wa ɗakunan bincike, kuma abin da aka fi nema a wurinmu shi ne osileta, wato na'urar da haske ke zagayawa a cikinta tsakanin madubai, mai madubin da ke mayar da haske ta ainihin hanyar da ya biyo. Wannan madubi ba gilashi ba ne. Ɗan kiristal ne na bariyam titanet, kusan milimita 5 kowane gefe. Idan aka haska masa lezar iskar agon mai zangon haske (tsawon kaɗawar haske guda) nanomita 514.5, hasken yana tura cajin lantarki a cikinsa har su jeru ratsi-ratsi, waɗannan ratsin su ne ke mayar da hasken baya. Jack Feinberg na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ne ya nuna a 1982 cewa kiristal ɗaya zai yi wannan da kansa, ta hanyar hasken da ke karo da kusurwarsa ta ciki.

Ƙorafin masu saye kusan ɗaya ne: firikwansin (yawan kaɗawa a daƙiƙa) hasken da ke zagayawa bai zo daidai da na lezar da ke ciyar da shi ba, kuma ba ya tsayawa wuri guda. Sai su ce kiristal ɗin ya lalace. Galibi lafiyarsa ƙalau. Duk hasken da ya zagaya da'irar madubai dole takun kaɗawarsa ya dawo daidai da inda ya tashi. Idan tsawon da'irar bai ba da haka ba, ratsin cikin kiristal sai su fara jan jiki a hankali don cike giɓin, kuma ratsi mai tafiya yana sauya firikwansin hasken da ya mayar. Bambancin ɗan kaɗan ne, sau da yawa Hz (kaɗawa a daƙiƙa) guda ko 'yan kaɗan, domin kiristal ɗin ba ya da hanzari. Masu bincike Ewbank da Yeh sun auna wannan a 1985, suka ga sauyin yana bin tsawon da'irar, yana maimaituwa duk sa'ad da tsawon ya ƙaru da zangon haske ɗaya.

Da ido ma ana gani. Ka haɗa ɗan hasken osileta da na lezar a kan farin kati, za ka ga layuka masu haske da duhu suna tafiya gefe guda. In suna tafiya da taku ɗaya, halin na'urar ne. In suna gaba suna baya, suna tsalle, to a teburin matsalar take.

A nan aikin yake. Farantin alminiyam mai tsawon mita 1 yana miƙewa maikromita 23 idan zafi ya ƙaru da digiri 1 na Salsiyas, wato kusan zangon haske 45. Shi ya sa muke kafa madubai a kan sandunan Invar, ƙarfen da zafi ba ya miƙar da shi sosai, mu rufe komai da akwati saboda iskar na'urar sanyaya ɗaki, mu ɗora madubi ɗaya kan fiyezo (ɗan abin da ke motsi kaɗan idan an ba shi lantarki) da ke gyara tsawon bisa abin da fotodayod, mai auna haske, ya karanto. Tsakanin leza da kiristal kuwa dole a sa abin tare haske na Faraday, wanda ke hana haske komawa baya. Madubin kiristal ɗin ba ya kuskuren hanya, kai tsaye yake mayar da haske cikin lezar, har ya zama ɓangarenta. A 1984 an ga lezar rini (mai aiki da ruwan rini) tana sauya launinta da kanta saboda wannan. Mai son hakan ya bar shi, wanda ba ya so ya toshe.

Ƙarfin haske ma yana da hannu: in ka ƙara shi, ratsin suna saurin kafuwa, zamewar ma ta ƙara sauri. Wani lokaci hanyoyin haske biyu ne ke gasa a cikin kiristal, hasken da ke dawowa ya riƙa kumbura yana sacewa. Maganinsa a matsar da wurin shigar haske kaɗan, ko a juya kiristal digiri 1 ko 2, a jira ya zauna kafin a sake taɓawa.

Asarar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi ita ce ta sanyi. Bariyam titanet yana sauya tsarin cikinsa a wajajen digiri 10 na Salsiyas, ya rasa jerinsa, wani sa'in ma ya tsage. Don haka ba ma aika shi a ɗakin kayan jirgin sama sai cikin akwati mai riƙe ɗumi, kuma ba ma karɓarsa daga hannun mai kawowa sai mun duba abin auna zafin da aka saka tare da shi.