Yini guda a Harlem, unguwar makaɗa da marubuta

Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2 na hau daga tsakiyar birnin New York, na sauka a tashar titi na 135. Da haurowata sai ga ginin da ya kawo ni: Cibiyar Schomburg, ɗakin karatun da ke adana tarihin baƙar fata.

Wani ɗan Maraɗi da ke kasuwanci a unguwar ne ya yi mini jagora. Da muka shiga zauren ƙasa ya riƙe mini hannu, ya ce, "Malam, dubi inda kake takawa." Daɓen an zana masa da'ira da layukan koguna: Furat, Kwango, Nilu da Misisipi, waɗanda mawaƙi Langston Hughes ya ambata a wata waƙa da ya buga a 1921 yana saurayi. Tokar gawarsa tana binne a ƙarƙashin wannan daɓe. Mu da ba mu saba da ƙona mamaci ba, sai na ji ƙafata ta yi nauyi, na kewaye ta gefe. Hughes shi ne ya ɗauko tafiyar kiɗan jazz da buluz ya zuba a rubutacciyar waƙa, a lokacin da wasu 'yan bokon baƙar fata ke ganin kiɗan na 'yan tasha ne.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban zane-zane huɗu da Aaron Douglas ya yi a 1934. Mutanen ciki ba su da fuska, inuwoyi ne kawai, ga da'irori na haske suna faɗaɗa ɗaya bayan ɗaya. Labarin ya faro daga Afirka, ya bi ta gonakin auduga na jihohin kudu a Amurka, ya ƙare da wani mutum a tsakiyar dogayen gine-gine ya ɗaga abin busa na saksofon sama. Ko wanda bai iya Turanci ba zai karanta shi tsaf.

Ita kanta cibiyar aikin mutum ɗaya ce tun asali. Arturo Schomburg, haifaffen Puerto Rico a 1874, ya yi shekaru yana sayen littattafai da wasiƙu da hotuna da kuɗin aljihunsa. A 1926 aka saye tarin a kan dala 10,000 aka damƙa wa ɗakin karatun unguwar. Allah ya sa ya yi hakan, domin da muka fita neman wuraren kiɗan, sai na tarar kusan babu abin da ya saura.

Mun miƙe titin Lenox, wanda yanzu ake kira da sunan Malcolm X. Tsakanin titi na 140 da na 141 nan gidan rawa na Savoy yake, wanda aka buɗe a 1926, inda baƙi da farare ke rawa a fili ɗaya. Yau gidajen haya ne a wurin, sai wani ɗan allo na tunawa a bakin hanya. Gaba kaɗan, a titi na 142, nan gidan rawa na Cotton Club ya tsaya, shi ma ba ya nan. Labarinsa har yanzu yana ci mini rai. Shahararren makaɗin jazz Duke Ellington ya yi wasa a can daga 1927 zuwa 1931, kuma rediyo ta kai sunansa ko'ina a Amurka daga wannan ɗaki. Amma baƙar fata su ne makaɗa, su ne 'yan rawa, su ne masu kai abinci, kujerun 'yan kallo kuwa na farare ne. A unguwarsu, a ƙofar gidansu!

To ina talakan Harlem ke jin kiɗansa? A ɗakunan haya. Dubban mutanen da suka gudo daga wariyar kudu sun tarar masu gidaje suna tsuga musu kuɗi fiye da na farare. Idan wata ya kusa ƙarewa, sai mai ɗaki ya buga 'yan katunan gayyata, ya ɗauko mai kaɗa fiyano, a soya kaji, kowa ya biya 'yan sulalla a bakin ƙofa, a kwana ana rawa, da safe a biya haya. Abin ya yi kama da ajo a wajenmu. A irin waɗannan ɗakuna makaɗan fiyano James P. Johnson da Fats Waller suka goge hannunsu, kuma Hughes ya riƙa tara katunan gayyatar yana adanawa.

Karayar tattalin arzikin 1929 ce ta fara rage armashin wannan zamani na bunƙasar kiɗa da rubutun baƙar fata a Harlem. Masu ɗaukar nauyin marubuta suka ja baya, aiki ya yi wuya, a 1935 tarzoma ta ɓarke a unguwar, shekara guda bayan haka Cotton Club ya tattara ya koma tsakiyar birni. Hughes dai bai bar Harlem ba. Gidan da ya zauna a titi na 127 har rasuwarsa a 1967 yana nan tsaye, kuma can muka nufa kafin la'asar.