Yadda na tada tsohon injin finbol ɗin kawuna

Da muka yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe shi da shi, wari ne ya fara tarbata: na ɓera, na tsohuwar roba, da na katakon da ya sha danshi. Kawu ya tsaya gefe ya ce, "Ɗana, in za ka iya da shi, ɗauka. Rabon da in ji ƙararrawarsa tun kana goye."

Injin finbol ne ƙirar Gottlieb na tsakiyar shekarun 1970, wato ƙarshen zamanin da ake haɗa su babu kwamfuta a ciki. Akwati ne mai ƙafa huɗu, samansa gilashi, ƙarƙashin gilashin allo ne mai gangara. Ƙwallon ƙarfe na gangarowa, kai kuma kana maida shi sama da 'yan hannuwa biyu da ake kira filifa. Kamfanin nan ne ya fara saka filifa a 1947, a injinsa mai suna Humpty Dumpty. Kafin nan sai dai mutum ya harba ƙwallo ya zuba ido, shi ya sa hukumomi suka ɗauki wasan a matsayin caca, har birnin New York ya haramta shi daga 1942 zuwa 1976.

Ina kai shi gida na jona shi a wuta, kuma wannan ne kuskurena na farko. Wasu fitilu suka kama, wani moto a ciki ya shiga juyawa ba tsayawa, can sai ƙauri. Kafin in zare filogi, wani koyil, wato naɗaɗɗiyar waya mai zama maganaɗisu in wuta ta bi ta, ya yi zafin da ba ya taɓuwa, takardar da ke naɗe da shi ta koma baƙa. Da na duba gidan fiyus, ashe wani ya taɓa naɗa waya a madadin fiyus ɗin da ya ƙone. Abin da aka sa domin ya tsinke ya ceci koyil an hana shi tsinkewa. Duk wanda tsohon inji ya zo hannunsa, ya fara duba igiyar wuta da kowane fiyus, ya gwada lambarsa da abin da aka rubuta a gefensa, kafin ya kusanci soket.

A ƙasan akwatin, cikin kashin ɓera, na tsinci taswirar wayoyin injin a ninke, ɓera ya ci gefe ɗaya. Na shimfiɗa ta ban gane komai ba, sai na ajiye ta na koma ga abin da idona ke gani. Ciki cike yake da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, kowanne ɗauke da jerin siraran ƙarafa kamar ganye, a bakin kowane ganye akwai ɗan kontak, wurin da ganye biyu ke haɗuwa wuta ta wuce. Duk wanda na ga kamar ya buɗe da yawa sai in lanƙwasa shi. Kwana uku ina wannan. Moton bai daina juyawa ba, kuma fitilun da suke kamawa da farko ma suka ɗauke.

A nan ne na nemi wani dattijo da ya tsufa a gyaran rediyo. Bai taɓa gyara finbol ba, amma ya san rile kamar yunwar cikinsa. Ya daɗe yana kallon abin da na yi, sannan ya ce, "Yaro, guda nawa ka taɓa?" Na ce, "Baba, ban ƙirga ba." Ya girgiza kai, ya ɗauko taswirar ya manna ta a bango, ya ce daga yau ba zan ƙara lanƙwasa komai ba sai na nuna masa wurinsa a takarda da yatsa.

Sai da na yi mako biyu ina maida abin da na ɓata, kuma a cikin makonnin nan ne na fahimci yadda injin yake tunani. Moton nan shi ne mai ba da lokaci. A jikinsa akwai fayafai masu giɓi, suna juyawa suna buɗe kontak suna rufewa bi da bi. In ka ci maki 50, babu abin da ya san hamsin a cikinsa: moton ne zai juya ya aika bugu biyar ga gangar da ke ƙirga goma-goma. Makin kuwa a jikin 'yan ganguna yake, kowace da lamba daga 0 zuwa 9, suna leƙowa ta tagar gilashin baya, wanda ke tsaye a kan bayan akwatin. In ka danna maɓallin farawa, moton zai yi ta aika musu bugu har kowace ta koma sifiri, kuma ba zai tsaya ba sai kontak ɗin kowace ganga ya shaida cewa ta iso. Ganga ɗaya ta maƙale, wasa ba zai fara ba har abada.

Na leƙa taga. Gangar ɗari-ɗari tana kan 7, tana rawa kaɗan da kowane bugu, ba ta motsawa. Tun ranar farko tana gabana.

Na kwance ta a kan farin ƙyalle, ina ɗaukar hoto bayan kowane sukuru, domin sifirin ɗinta, wato murɗaɗɗun wayoyi masu ja su koma, ƙanana ne kuma kowanne da inda yake maƙalewa. Wani ya taɓa shafa mata giris. Shekaru suka haɗa shi da ƙura ya daskare, sai da na kankare shi da farce, yana fitowa ɓaro-ɓaro launin ƙasa. Na wanke komai da sifirit, na goge sandar ƙarfen da ke shiga cikin koyil har ta yi sheƙi, na maida ta a bushe. Wannan sanda ba ta son mai ko ɗigo, mai shi ne ke jawo mata datti. Da na danna ta da yatsa, gangar ta yi ƙas, ta koma 8, ƙas, 9, ƙas, sifiri. Na jona wuta, moton ya juya ya tsaya. Ban taɓa jin shirun da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Baba ya koya mini abu biyu game da kontak. Na farko, a fara ɗaure sukurorin da ke riƙe da jerin ganyen, domin abin da ke tsakaninsu yana motsewa da tsufa, kuma sau da yawa ɗaurewar kaɗai ta isa. Na biyu, a sa guntun kati tsakanin kontak biyu, a matse, a ja. Katin zai fito da baƙin layi, a maimaita har ya fito fari. Wanda tartsatsi ya cinye ne kawai ake bi da ɗan siririn fayil. Ya kuma hana ni fesa kowane irin mai na gwangwani a ciki: kontak na tartsatsi, feshin na kamawa da wuta, akwatin kuma katako ne.

Akwai ɓarnar da ban iya gyarawa ba, har yau tana damuna. Zanen gilashin baya daga ciki aka yi shi, kuma danshi ya sa fentin ya ɗaɗɗago. Na ga ƙura a kusurwa, na sa jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya tak, sai ga jan fenti a jikin tsumman, faɗin babban yatsa. Daga baya na kwantar da gilashin na bi bayansa da feshin banish mai garai-garai don sauran ya zauna. Wurin da na goge yana nan, haske na fitowa ta cikinsa.

Allon wasa bai ba ni wahala ba. Na jefar da tsohon ƙwallon, domin ƙwallo mai tsatsa samfefa ne a kan fenti, na sa sabo mai faɗin inci ɗaya da ɗaya bisa sha shida. Robobin sun bushe suna karyewa a hannu, na canza su duka. Na goge allon da nafta, ruwan da ke cire maiƙo, na shafa kakin karnuba mai sa sheƙi sau biyu. Fitilu na sa masu lamba 47 a madadin 44, sun ɗan fi dushewa amma ba su da zafin da ke gasa fenti. Kewayen bamfa, abin da ke tunkuɗa ƙwallo in ya taɓa shi, inda ƙwallo ya cinye zanen har katako ya bayyana, na bar shi yadda yake. Wasan mutane ne ya yi wannan, ban ga dalilin rufe shi ba.

Koyil ɗin da na ƙona na filifar hagu ne. Kafin in sa sabo na gano dalili: akwai kontak da ya kamata ya buɗe in filifa ta kai ƙarshen bugunta, don wutar ta ragu mutum ya iya riƙe ta a sama. Nawa ya manne, ga maɓallinsa a maƙale.

Bayan wata huɗu na kira kawu. Ya sa hannu biyu a gefen akwatin ba tare da ya nemi maɓallan da ido ba, ya harba ƙwallo. Ƙararrawar injin guda uku suka buga, ya saurara, ya ce, "Ɗana, ta ukun ba haka take ba. Da ta fi wannan amo." Na buɗe na duba, robar da ke ƙarƙashin sandar ƙararrawar ta motse, ƙarfen yana zaune a kan ƙarfe. Na auna ta, ina jiran sabuwa.