Laraba, ranar gyaran haƙoran Ƙyalli

Giram 812 sikeli ya nuna da safen nan. A makon jiya Ƙyalli, ɓeran Masar da nake kiwo, tana 845. Kullum kafin in ba ta komai nake ɗora ta, a cikin roba ɗaya, a lokaci ɗaya, don kada abincin da ke cikinta ya ruɗe ni. Ɓeran Masar ba ya nuna ciwo. Kakanninsa abin farauta ne, kuma a dawa wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka, shi ya sa sai ka gan shi ido tar, yana kai-komo, alhali jiki na ta zubewa a ƙarƙashin gashi. Ido zai yaudare ka, amma sikeli ba ya ƙarya. Idan raguwar ta doshi giram 50 a 'yan kwanaki, to magana ta wuce ta jira.

Ko ba sikeli ma na san lokacin ya yi. Haɓarta a jiƙe take da miyau, gashin wurin ya dunƙule har zuwa ƙirji. Na yanka mata jan tattasai siriri-siriri, ta taho da ɗokinta, da irin tsallen nan da take yi yanzu na haɗa ƙafafun baya biyu lokaci guda saboda takawa ɗaya bayan ɗaya na yi mata zafi. Ta ɗauka, ta juya shi a baki, ta karkata kai gefe, ta sake juyawa, sai ya faɗo. Ta sake ɗauka. Ya sake faɗowa. Sannan ta tsaya tana kallon 'yar'uwarta Duduwa tana cinye nata. Wannan ne abin da ya fi taɓa min zuciya a duk jinyar nan: yunwar tana nan, son abincin yana nan, bakin ne ya ƙi.

Haƙora 20 ne a bakinsu, 4 a gaba, 16 a ciki, kuma duka ba sa daina tsiro har ƙarshen rayuwa. Abin da ke rage musu tsawo shi ne taunar busasshiyar ciyawa wuni guda, muƙamuƙi na goga turmi a kan turmi. Da zarar tauna ta ragu, turamen ƙasa sai su yi ta tsawo suna karkata ciki, har su haɗu a saman harshe su danne shi, na sama kuma su karkata waje suna yankar kunci. Mai kallo daga waje haƙoran gaba kawai yake gani, ya ce ai lafiya lau. A wajen Ƙyalli kuwa matsalar daga ƙashi ta faro. Tana cikin irin da ake kira satin, masu gashi mai sheƙi, kuma wannan irin an san shi da ciwon da ke zuƙe sinadarin kalsiyam daga ƙashi, wani nama mai zare-zare ya maye gurbinsa. Muƙamuƙi ya yi laushi, tauna ta zama azaba, ta rage cin ciyawa, haƙora su yi tsawo, taunar ta ƙara wuya. Haka suke ta bin juna. Haƙoran ana iya gyara su a kai a kai. Ƙashin ba shi da maganin warkewa, sai dai a rage zafi.

Na dama mata garin ciyawar da ake yi wa marasa lafiyarsu da ruwan ɗumi, ba kauri ba ruwa-ruwa. Ƙaramin sirinji nake amfani da shi, mai ɗaukar mililita 1, na yanke bakinsa don damun ya riƙa wucewa. Na naɗe ta a tawul, na zaunar da ita a cinyata ƙafafunta huɗu a ƙasa, don idan aka kwantar da su rigingine abincin na iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Akwai wani giɓi a bayan haƙoran gaba, ta nan nake zura sirinjin daga gefe, in matsa kaɗan, in dakata. Sai na ga kunnuwanta na motsi, alamar tana tauna, sai na ji ta haɗiye, sannan in ƙara. Wani lokaci takan tura sirinjin da hannunta ta kau da kai. Sai in bar ta ta huta, in shafa mata goshi, mu ci gaba. Aikin ba ya son gaggawa ko kaɗan. Yau na tsaya da wuri saboda bakin ya zama babu saura lokacin da za a duba, amma ban bar ta da yunwa ba. Su ba sa iya amai, don haka ba a hana su ci na dogon lokaci kafin a sa su barci yadda ake yi wa kare ko kyanwa, kuma hanjinsu idan ya zauna babu komai tsayawa yake yi, tashinsa kuwa sai an sha wuya.

Na tafi da su biyun wajen likitan dabbobi a akwati ɗaya. Ƙyalli ta fi natsuwa idan Duduwa na gefenta.

Likita ya taɓa ƙarƙashin muƙamuƙinta da yatsu biyu, a hankali, ya ce yana jin 'yan kumburi inda saiwoyin haƙoran ke turo ƙashi. Ya ɗora hoton ƙashin da aka ɗauka a baya kusa da na yau. Ko ni da ba gwana ba na ga bambanci. Ƙashin cinyar da ya kamata ya fito fari sol ya fito dishi-dishi, da ɗigo-ɗigo, kamar itacen da gara ta ci ta ciki.

“Malama, ya ɗan ƙara gaba,” in ji shi. “Ba da gudu ba, amma ya ƙara.”

Na ce, “Likita, gyaran yau zai ɗauke ta har yaushe?”

Ya ce ba zai yanke min rana ba. Wasu sukan kai wata biyu, wasu wata guda ma da ƙyar, ya danganta da yawan ciyawar da ta koma ci. Na fi son irin wannan amsar da a ba ni wadda za ta faranta min rai yau ta karya shi jibi.

Da iskar sa barci aka kwantar da ita, aka goge turamen da ɗan injin goge haƙori. Ba a datse su da abin yanke farce, ko da na gaba ne, don haƙorin na iya tsagewa har cikin saiwa ya zama ƙurji. Zaman jiran nan ban iya yin komai ba sai riƙon akwatin Duduwa a cinya. Da aka fito da ita jikinta ya yi sanyi, an naɗe ta da abin ɗumi. Likita ya ce turamen ƙasa sun kusa haɗewa a kan harshe, kuma akwai ɗan gyambo a kuncin dama.

Mun daɗe muna magana kan kalsiyam, don nan ne hankali ke rabuwa biyu. Duk wanda ya ji ƙashi na rasa kalsiyam sai ya ce a ƙara mata. To amma rarar kalsiyam a jikinsu ta fitsari take fita, kuma idan ta yi yawa tsakuwa take zama a mafitsara, wadda galibi fitar da ita sai an yi tiyata. Saboda haka ba na ƙara komai da kaina. Maganin zafi, meloksikam, shi ne ginshiƙin, da bitamin C da nake ba ta kai tsaye a baki. Ba na zubawa a ruwan sha, don haske na lalata shi da wuri, kuma ɗanɗanonsa kan sa su rage shan ruwan. Jikinsu ba ya haɗa wannan bitamin, daidai da na ɗan Adam, abin da ya sa a 1907 masu bincike biyu a Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, suka iya ganin ciwon rashinsa a jikin ɓeran Masar. Rashinsa ma kaɗai yana sassauta haƙora ya kumbura gaɓoɓi, balle a ce ya haɗu da abin da ke damun Ƙyalli. Na tambaya ko gyambon kuncin na buƙatar maganin ƙwayoyin cuta, ya ce a'a tukuna, mu sa ido. Ya sake jaddada min abin da ya saba faɗa, cewa fenisilin da danginsa irin su amoksisilin na iya kashe su, don suna share ƙwayoyin kirki da hanjinsu ke dogaro da su.

Da rana Yaya ya kira, ya ji muryata, ya tambayi abin da ya faru. Da na faɗa masa ya yi shiru, sannan ya ce, “Ƙanwata, anya ba wahalar da ita kike yi ba?” Ban ji haushi ba, don tambayar da nake yi wa kaina ce. Na ce masa, “Yaya, har yanzu tana kukan murna idan ta ji an buɗe leda, tana zuwa wajen abinci da ƙafarta, tana kwanciya jikin 'yar'uwarta. Ranar da waɗannan suka tafi, kuma maganin zafi ya daina riƙe ta, ni da likita mun riga mun yi maganar abin da ya dace.” Ya ce Allah ya ba ta sauƙi. Haushina yana kan masu ci gaba da haɗa irin satin don kyawun gashi, bayan an san abin da yake jawo wa da yawa daga cikinsu. Sheƙin gashi bai kai a biya shi da ƙashin dabba ba.

Da yamma na gyara musu ɗaki. Na ninka shimfiɗa mai laushi, na sauko da ciyawa ƙasa daidai bakinta don kada ta miƙa wuya, na matso da ruwa kusa da inda take kwanciya. Na duba tafin ƙafafunta, don yawan kwanciya wuri ɗaya na jawo musu gyambo a nan. Na hagu ya ɗan yi ja amma bai fashe ba. Akwai kuma kashi mai laushi da suke fitarwa su sake ci kai tsaye daga jikinsu, wanda ke ba su wasu bitamin da ƙwayoyin hanji. Lanƙwasawar na yi wa Ƙyalli wuya yanzu, don haka idan na ga ta bar shi a shimfiɗa nakan miƙa mata, ta karɓa.

Har bayan faɗuwar rana ba ta yi kashi ba, hankalina bai kwanta ba. Na ba ta damu kaɗan-kaɗan, na shafa mata ciki a hankali. Can sai ga su, ƙanana, busassu, ba su da siffar kirki, amma dai hanji na aiki. Daga baya ta ja siririn ganye ɗaya da kanta ta cinye shi har ƙarshe bai faɗo ba. Busasshiyar ciyawar ce ba ta taɓa ba tukuna, kuma ita ce ake nema, don in ba ta koma mata ba gyaran yau ba zai daɗe ba. Na sa agogo zai tashe ni cikin dare don ciyarwa ta gaba. Gobe da safe zan ɗauki hoton tafin ƙafar hagun in tura wa likita, in kuma tambaye shi ko lokacin duba ƙodarta ya yi, tunda ta daɗe a kan maganin zafin.