Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Tambayoyin Sista

A makon jiya na tsaya a ƙarshen shekarata ta biyu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, lokacin da tunanin zama sista, wato mace mai keɓe kanta ga Allah a Ikilisiyar Katolika ba tare da yin aure ba, ya daina zo mini jefi-jefi, ya zama abin da nake kwana da shi, nake tashi da shi. Fada, wato limamin cocin da nake furta zunubi a wurinsa, bai ce mini e ko a'a ba, sai ya haɗa ni da wata dattijuwar Sista mai kula da 'yan mata masu irin wannan tunani.

Mun haɗu wata Lahadi bayan Misa a harabar cocin Christ the King da ke Sabon Gari, wanda ya zama mazaunin bishop tun da aka yanke Dayosis ɗin Zariya, wato yankin da bishop ke kula da shi, daga Kaduna a shekarar 2000. Ta zauna a kan benci tana juya carbin Rosari wanda 'ya'yansa suka yi sulɓi saboda daɗewa a hannu, ta bar ni na yi ta zuba har na gaji, sannan ta ce, "'Yata, akwai mai neman ki da aure?" Na ce akwai. Ta ce, "Ƙin sa kike yi?" Na sunkuyar da kai na ce mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan zarge shi da shi. Sai ta ce wannan amsa ta fi kwantar mata da hankali, domin gidan sistoci ba mafakar masu gudun aure ba ne, kuma wadda ba za ta iya riƙe miji da 'ya'ya ba da wuya ta iya zama da 'yan'uwa mata waɗanda ba ita ta zaɓe su ba.

Daga nan ta shimfiɗa mini tsawon hanyar ba tare da ta rage komai ba. Da farko mace za ta riƙa ziyartar gidan tana komawa wurin iyayenta, sannan ta tare a matsayin mai neman shiga, kafin lokacin horo na musamman wanda dokar Ikilisiya ta ce kada ya gaza watanni 12, kada kuma ya wuce shekara biyu. Bayan haka ne ake ɗaukar alkawuran nan uku na tsabtar rai (wato zama ba aure), talauci da biyayya, amma na wucin gadi, ana sabunta su na tsawon shekara 3 zuwa 6 kafin alkawarin har abada. Ta kuma ce in san ƙungiyoyin tukuna, domin sistocin St Louis da suka iso Kano daga Ailan a 1948, da 'yan Dominikan na Gusau, da na Fatima da ke Jos, kowannensu da irin aikinsa da tsarin zamansa.

Alkawarin talauci ne ya tsaya mini a rai, ba rashin aure ba, duk da cewa mutane kan ɗauka nan ne wuyar take. Ma'anarsa ita ce ko da na zama malamar makaranta, albashina na ƙungiya ne, ba zan iya cire ko sisi in aika gida da ikon kaina ba. Ni kuwa 'yar fari ce, kuma da kuɗin masarar da Baba ke kaiwa kasuwar Giwa bayan kaka aka biya mini karatu, ga ƙannena a bayana suna jiran in gama in ɗauke masa wani abu. Na gaya wa Sista haka, ba ta kuwa yi mini wa'azi ba, abin da har yau nake ganin dattakonta a kai. Cewa ta yi in gama digirina, in kuma faɗa wa iyayena da bakina kafin su ji a bakin 'yan Zumuntar Mata ta coci.

Da hutu ya zo na samu Mama a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, na durƙusa na faɗa mata. Ta ajiye rariyar, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Babanki ya sani?" Na ce a'a. Ta ce to in yi shiru sai an gama girbi, ita za ta san ranar da za ta shigar masa da maganar. Yadda aka kwashe da Baba da Gwaggo, wadda ta riga ta fara tara mini kayan ɗaki, shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.