Rautocin da suka manta saitinsu bayan an ɗauke wuta

Aikin da aka ba mu shi ne kafa sababbin rautocin Cisco (na'urorin da ke haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta) a rassan wata makaranta, kuma maimakon mu bi su ɗaya bayan ɗaya da kebul, sai muka zaɓi tsarin AutoInstall, wanda ke sa rauta ta ɗauko saitinta da kanta. Idan aka kunna rautar da babu saiti a NVRAM ɗinta (ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta), takan nemi adireshi daga DHCP (tsarin da ke raba wa na'urori adireshi), a cikin amsarsa zaɓi na 150 ya gaya mata inda sabar TFTP (kwamfutar da ke ajiye fayilolin saitin) take, zaɓi na 67 kuma ya ba ta sunan fayil ɗin da za ta ɗauko. Wannan ɓangaren bai ba mu wahala ba ko kaɗan.

Abin da ya kwantar da mu shi ne, saitin da rauta ta ɗauko yana sauka ne a running-config (saitin da take aiki da shi a lokacin) kawai, ba ya shiga startup-config (saitin da take tashi da shi idan an kunna ta) sai wani ya adana shi. Rautocin suna aiki lafiya, rassa suna ganin juna, don haka babu alamar da za ta sa mutum ya yi zargin cewa duk saitin yana zaune ne a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar wuta ta katse. Ranar da aka ɗauke wuta aka tada janareta, kowace rauta ta farka babu komai a cikinta, ta koma neman fayil. Ita kuwa kwamfutar da ke riƙe da TFTP ba ta kan UPS (batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta), kuma ta fi rautocin jinkirin tashi. Rassa suka yanke, waya ta yi ta ƙara, kuma tun da babu adireshi balle SSH (hanyar shiga na'ura ta kan layi cikin sirri), ba yadda za a shiga daga nesa. Tafiyar da muka gina tsarin nan don mu guje mata, ita muka yi, da kebul a jaka.

Har yanzu abin yana ci mini rai, domin umarni ɗaya tak, copy running-config startup-config, da ya hana dukan wannan wahalar. Yanzu ba na ɗaukar rauta a matsayin kammalalliya sai na ga saitinta a show startup-config, sannan na kashe ta da gangan, na kunna, bayan na raba ta da sabar. Mun kuma rubuta ƙaramin shiri da ke shiga ta SSH ya adana saitin da kansa, muka sa sabar a kan UPS.

Wajen binciken ne na lura da wani abu da ya fi tayar mini da hankali: TFTP ba ya tambayar kalmar sirri, ba ya ɓoye abin da yake aikawa, ga shi fayilolinmu cike suke da bayanan shiga. Mun rage su zuwa abin da rauta ke buƙata don ta tashi, sauran saitin kuma ta SSH muke tura shi.